Matashin Amarya: Allura, Zare da Audugar Rimi a Ƙasar Dawakin Kudu

Ranar jere, gado ake bari ƙarshe. Sai an kafa labule, an goge kwanuka da tangaran an jera su, an shimfiɗa leda ko kafet, sannan gwaggon amarya ko yayarta za ta kwance ƙullin da aka ajiye gefe guda tun safe. A ciki akwai zanen gado, akwai kuma matasai: dogaye biyu na ta da kai, da ƙanana masu kusurwa huɗu waɗanda ba don barci aka yi su ba. Ƙananan nan ake jinginawa a fuskar gado, kuma a kansu ido ke fara sauka idan 'yan ganin ɗaki sun ɗaga labule. A garuruwan ƙasar Dawakin Kudu, irin su Tamburawa da Tsakuwa da Gano da Dawakiji, mace mai ido ba ta tsayawa ga kallo. Ɗaukar matashin za ta yi, ta zura hannu cikin rigarsa, ta juyo bayan aikin. Idan ta ga farin zare ya bi layi ɗaya tak babu kuskure ko kaɗan, ta san inji ne. Idan kuwa ta ga inda aka soke bakin zare aka ɓoye shi a ƙarƙashin 'yan'uwansa, ta ga wani ɗinkin ya ɗan fi wani tsawo, to ta san wata ce ta zauna da allura kwana da kwanaki.

Matashi ba baƙo ba ne a ɗakin Bahaushe. Sunansa ma daga aikinsa ya fito, abin ta da kai. Tun kafin soso da filon kanti, dukawa ke ɗinka tumtum da jar fatar akuya, su yi masa ado da koriya da baƙa, a cusa masa auduga, sarki ko malami ko attajiri ya kishingiɗa a kai. Har yau ana samun irinsa a Kasuwar Kurmi. Ɗaliban hadisi kuma sun san cewa matashin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na fata ne, an cika shi da zaren jikin dabino. Abin da ya zo daga baya shi ne matashin yadi mai rigar da ake cirewa a wanke, wanda ya shigo tare da gadon ƙarfe da zanen gado. Wannan kuwa tun shigowarsa a hannun mata ya faɗa.

Kuma ya faɗa ne a ƙasar da zare ya daɗe yana ciyar da mutane. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya lura da yawan tufafin da ake saƙawa a rina a fitar, har ya ƙiyasta kuɗinsu ya kai wuri miliyan 300 a shekara. Amma ba cikin ganuwa ake yin mafi yawan wannan aiki ba. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna a bincikensa na 1975 cewa ƙarfin masana'antar yana garuruwan karkara, musamman na kudancin birni. Mata su gurje auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da abawa a mazari. Maza su saƙa ƙyallaye sirara. A harhaɗa su a kai marina. 'Yan bugu su daka su da baba har su yi ƙyalli. Kura ce ta yi suna da wannan, har rawanin ya ɗauki sunanta, ɗan Kura, wanda Buzaye ke saye ana kai shi Agadas da gaba da nan. Dawakin Kudu da Bunkure da Kura duk zagaye ɗaya ne, babu wadda ta kai tafiyar awa guda daga 'yar'uwarta a mota.

Shi aikin allura na ado, wanda ake kira surfani ko kuma aiki kawai, asalinsa na maza ne. Almajirai da malamai ne ke zama a zaure ko gindin bishiya suna cika aska biyu, aska takwas, tambari da gidan biyar a jikin babbar riga, da zaren tsamiya ko alharini. Mai zane daban, mai ɗinki daban. David Heathcote, malamin zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi shekaru yana tattara waɗannan zane-zane, ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Daga baya keken surfani ya ja maza da yawa, aikin hannu ya gangaro cikin gida. Matan aure da ba sa fita suka karɓi ɗinkin hula, a Zariya ma har da babbar riga. A can ne a 1994 aka kafa ƙungiyar mata mai suna Queen Amina Embroiderers, da hannun Farfesa Elisha Renne ta Jami'ar Michigan. Matan suka ɗauko zanen rigunan maza suka dasa shi a kan rigar matashi da shimfiɗar tebur da jaka, kayansu har ya kai babbar kasuwar sana'o'in hannu ta Santa Fe a Amurka. Zanen da aka saba gani a ƙirjin hakimi ya koma kan kujerar falo a wata nahiya, ana biyan kuɗinsa da dala.

Yadda ake yin matashin bai da wuya a faɗa. A zaune ake gane nauyinsa.

Da yadi ake farawa, kuma a nan da yawa ke yin kuskuren farko. Yadi mai santsi ko mai talewa ba ya riƙe ɗinki. Wanda ya dace shi ne na auduga mai ɗan kauri: farin alawayyo mai kyau, ko shadda, ko ragowar yadin maza daga wurin tela, ko saƙin gida idan an samu. Sai an wanke shi an goge kafin allura ta taɓa shi, domin yadin auduga yana shiga a wankin farko, kuma idan ya shige bayan an yi aiki, sai adon ya tattare kamar fatar tsohuwar goruba. Girman da aka fi yi shi ne inci 16 ko 18 kowane gefe. Ana ƙara rabin inci zagaye don cin ɗinki. Gwanaye ba sa yanke yadin daidai awo tun farko. Sukan bar shi da yalwa har a gama aikin, saboda a samu wurin riƙewa, kuma bakin ya zare son ransa ba tare da ya ci cikin awo ba.

Sai zane. A ninke yadin biyu, a sake ninkewa, inda layukan suka gamu nan ne cibiya. Daga cibiya ake fitar da komai. Mai son da'ira ta kifa faranti ko murfin kwano ta zagaye shi da fensir, ƙananan furanni kuma bakin kofin shayi ya isa. Wasu na da takardun zane da suka gada ko suka ara, su ɗora da takardar kabon su kwafa. Biro dai ba abin yarda ba ne, tawadarsa na iya nasowa a wanki ta ɓata farin zare. Abin da aka fi zanawa shi ne fure da ganye da tauraro da kwando, wani lokaci ɗawisu, wani lokaci sunan amarya ko gajeriyar gaisuwa. Dagi, wanda Sardauna Ahmadu Bello ya mayar tambarin Jihar Arewa, yana zama daram a kan matashi mai kusurwa huɗu, kamar don shi aka ƙirƙiro shi. Abin da ba a sawa shi ne aya ko sunan Allah, tunda abu ne da ake jingina da shi, yara ma su hau. Game da hoton abu mai rai kuwa, malamai kan kawo hadisin Nana A'isha, wadda ta rataya labule mai hotuna, Annabi ya nuna bai so ba, sai ta yanka shi ta yi matasai da shi. Daga nan wasu suka sassauta a kan abin da ake takawa ko kishingiɗa, amma mata da yawa sun fi samun natsuwa da fure.

Yanzu aka zo wurin zama. Bayan an sauke tukunyar rana, yara sun tafi Islamiyya, mace ta jawo tabarma inda haske ke faɗowa a tsakar gida. Wata takan ɗame yadin a cikin zoben katako ko na roba, wata kuwa da ta saba da hula a kan yatsa take naɗe shi. Zaren da za a zura kada ya wuce kamu ɗaya, daga yatsa zuwa gwiwar hannu. In ya fi haka zai riƙa harɗewa, ya kuma yi gashi saboda yawan ratsa yadi. Ana fara bin layin zane da ɗinki mai kama da sarƙa, kowane ido ya fito daga cikin na bayansa. In an gama iyaka sai ciko: zare ya kwanta kusa da zare, a jere, har yadin ya ɓace a ƙarƙashinsu. Wannan cikon shi ne ma'aunin hannu. Aka ja da ƙarfi, yadi ya tattare. Aka sassauta, zare ya yi lilo, farce ko ɗan kunne ya kama shi. Ganye mai faɗi ba a ratsa shi da dogon zare ɗaya, raba shi ake yi biyu daga jijiyar tsakiya, kowane ɓangare ya kwanta a karkace, shi ya sa in haske ya bugi aikin sai ka ga gefe ɗaya ya fi ɗaya duhu alhali zaren iri ɗaya ne. Akwai kuma 'yan ramukan nan da ake hudawa a zagaye bakinsu da ɗinki, irin na babbar riga da hula, waɗanda ke cin lokaci fiye da komai. Fuskar matashi ɗaya mai cikakken aiki tana iya cinye mako ko fiye ga macen da ke da girki da raino, kuma ido da wuya da baya duk suna biyan nasu kason.

Zaren ma sai an gwada shi. Ja da shuɗi da kore masu arha sukan zuba. A jiƙa ɗan guntu a matse shi cikin farin ƙyalle, in ya bar launi a ajiye shi, kome kyansa.

Wasu ba allura suke bi ba, kwarashi suke riƙewa. Da ulu ake saƙa 'yan murabba'ai masu launi-launi, a haɗa su su zama fuska, a shimfiɗa musu yadi mai launi ɗaya a ƙasa don kada cikin ya leƙo ta ramukan. Ya fi sauri, kuma yarinyar da ta iya hular jariri da safa ta riga ta iya shi. Sai dai ulun kasuwa na roba ne, yana da zafi a jiki, ƙurar hunturu kuma na shigewa cikinsa.

In fuska ta kammala, a wanke ta da hannu a ruwan sanyi, a kifa ta a kan tawul a goge ta baya, don kada dutsen guga ya danne tudun aikin. Bayan rigar kuma hanya mafi sauƙi ita ce a yanka ƙyalle biyu, a kalmashe bakin kowanne, ɗaya ya hau kan ɗaya da kamar inci huɗu. Ba zif, ba maɓalli, babu abin da zai lalace. A haɗa gaba da baya fuska na kallon fuska, a zagaye da ɗinki, a datse kusurwoyi huɗun kaɗan don su fito da tsini, sannan a juye. Mai so ta ƙara leshi ko geza a baki, ko tuntu a kowace kusurwa.

Saura cikin, wanda ba a gani, wanda kuma shi ke sa matashi ya tsaya ko ya langaɓe. Ba a cusa komai kai tsaye cikin rigar ado. Jaka ake ɗinkawa daban da akoko mai matsattsen saƙa, ta ɗara rigar da inci ɗaya ko biyu, domin ta cika ta har kusurwa. Yau mafi yawa da faiba ake cikawa, ko gutsattsarin soso, ko ƙyallayen da tela ya share. Soso kan ruɓe ya zama gari, tsumma kuma nauyi gare shi da ƙulli-ƙulli. Audugar gona tana da daɗi da farko, daga baya ta dunƙule. Abin da tsofaffi suka sani, wanda har yanzu babu kamarsa, shi ne audugar rimi.

Rimi itace ne da garuruwa ke ɗaukar suna daga gare shi: Rimin Gado, Rimin Kebe, Rimi ta Katsina, da unguwannin Zariya irin su Rimin Tsiwa. Yana da ɗan'uwa mai jan fure da ake kira gurjiya, sunan da wata mazaɓa a Dawakin Kudu ma ke amsawa. Da rani, idan zafi ya fara, 'ya'yan rimi ke bushewa su tsage, iska ta ɗebi audugar tana yawo da ita. Masu tara ta sukan kaɗo 'ya'yan kafin su fashe, a ɓare su, a shanya, a zuba cikin buhu ko babban kwando a riƙa burgawa da sanda har ƙwayoyin su gangara ƙasa. Dole a cire ƙwayar, don tana da mai, ɓera na bin ta. Kowane silin audugar rimi bututu ne mai iska a ciki, jikinsa kuma da wani maiƙo kamar kakin zuma. Shi ya sa ba ta da nauyi, ba ta shan ruwa, ba ta kuma kaɗuwa a mazari saboda santsi. Wannan hali nata ya sa har lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da ita ake cika rigunan ceton masu jirgin ruwa. Aibinta ɗaya ne, kuma babba: tana kama wuta kamar fetur. Ɗakin da ke da matashin rimi sai a yi nesa da fitila da maganin sauro na kunnawa. Ana cusa ta kaɗan-kaɗan, a fara da kusurwoyi, a riƙa turawa da bakin muciya ko yatsa, kuma gara a ɗaure hanci da mayafi don tana tashi.

Samun audugar rimin ne ya fara wuya. Bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka janyo ruwa ta kanal zuwa ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam, aka baje gonaki aka daidaita su don noman rani. Wannan aiki, wanda ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ya kawo shinkafa da alkama da tumatir da albasa, ya kawo kuɗi. Amma baje gona yana nufin tumɓuke itatuwa, kuma masu binciken da suka zauna a yankin a shekarun 1970, irin su Cecile Jackson da ta duba rayuwar mata, sun lura cewa asarar itatuwa mata ta fi taɓawa. Gonakin Dawakin Kudu, waɗanda mafi yawansu kanal bai bi ta kansu ba, sun fi riƙe ɗorawarsu da kukarsu da tsamiyarsu. Rimi ma yana nan jefi-jefi, sai dai masu injin yankan katako na son sa, kuma ba kasafai ake ganin wanda ya dasa sabo ba.

Duk da haka kuɗin kanal ɗin nan su ne kasuwar matashi. In an casa shinkafa da kaka, ko an ɗebe tumatir da alkama da rani, sai ɗaurin aure ya yawaita, haka ma 'yan makonnin da ke gaban azumi. Uba ya sayi gado da katifa, uwa ta kwashi adashe ta shiga Kantin Kwari ko Kasuwar Rimi. A nan mai aikin hannu ke gamuwa da abokin karawarta: zanen gado na China a cikin leda, da rigunan filonsa, da adon inji mai walƙiya, a farashin da bai kai kuɗin zarenta da yadinta da kwanakinta ba. Dillaliya ta ɗauki na hannun ta zaga gidaje, a taya shi da kuɗin na leda, ta cire la'adarta, abin da ya rage shi ne ladan mako guda. Ba ƙyuya ce ta sa 'yan mata da yawa suka ajiye allura suka kama awara da ɗan wake ba. Lissafi ne, kuma lissafinsu daidai ne.

Abin da ke da ciwo shi ne duk kayan da matashi mai daraja ke buƙata suna nan kusa da juna, ba su dai haɗu ba ne. Masaƙa ba su ƙare ba. Marina na nan a Kura da Ƙofar Mata. Farin zare a kan shuɗin baba, da dagi ko aska a tsakiya, abu ne da ke sayuwa a Abuja da Legas da ƙetare, matan Zariya sun gwada an gani. Akwai dai sharaɗi: yadin ɗan Kura na rawani bai dace da matashi ba, domin da gangan ake buga masa garin baba, yana kuma zuba a fata, abin da Buzaye ke so ke nan. Na matashi sai wanda aka rina aka ɗauraye shi sau da yawa har ruwan ya fito fari. Masu saye a cikin gida ma ba su yi kaɗan ba. A watan Oktoba na 2023 Gwamnatin Kano ta aurar da ma'aurata 1,800 ta hannun Hukumar Hisbah, da gado da katifa da sauran kayan ɗaki. Da a ce kowane ɗaki an sa masa matashin ado biyu daga hannun matan ƙananan hukumomin da amaren suka fito, riguna 3,600 ke nan, aikin watanni ga ɗaruruwan mata a cikin gidajensu.

A gidajen da ba a daina wannan aiki ba, ana gane su ranar wanki. An zare riguna an wanke su a juye da sabulu mai laushi, an shanya a inuwa don kada rana ta ci launin. Su kuwa jakunkunan rimin ba a sa musu ruwa. A kan katanga ko rufin langa-langa ake baza su su sha rana, da la'asar a bubbuga su, su kumbura su dawo kamar sababbi. Wanda ya kwanta da yawa saboda shekaru, a farke bakinsa kamar faɗin tafin hannu, a ƙara masa audugar bana, a mayar da ɗinkin. Rigar da uwa ta yi wa ɗakinta, in zaren na kirki ne, takan kai lokacin da za a nemo ta a ƙasan akwati a kwafi zanenta don jeren 'yarta.